Me Ya Sa Sulhun Da Ake Kawowa Daga Waje Ba Ya Ɗorewa?

Ranar 26 ga Agustan 2015 Shugaba Salva Kiir na Sudan ta Kudu ya zauna a Juba, shugabannin Kenya da Yuganda da firaministan Habasha na gefensa, ya sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu da abokin gabarsa Riek Machar. Kafin ya ɗauki alƙalami sai da ya faɗa a bainar jama'a cewa ransa bai kwanta da abin da ke cikin takardar ba, ya kuma miƙa jerin ƙorafe-ƙorafensa a rubuce. Barazanar takunkumi ce ta kawo shi teburin, kuma kowa ya san haka. Duk da haka manyan ƙasashe suka yi ta fitar da sanarwar maraba. A Afrilun 2016 Machar ya koma Juba ya karɓi kujerar mataimakin shugaban ƙasa, shi da dakarunsa, a gari ɗaya da dakarun Kiir. Ranar 8 ga Yuli, su biyun suna cikin ganawa a fadar shugaban ƙasa, masu gadinsu suka buɗe wa juna wuta a waje. Cikin kwanaki kaɗan an kashe ɗaruruwan mutane, Machar ya tsere ta daji har Kwango, yaƙi kuma ya bazu zuwa yankunan kudancin ƙasar da a da bai taɓa su sosai ba.

Duk wanda ya saurari Kiir a ranar ya san takardar ba ta da nisan kwana. Masu shiga tsakanin ba yara ba ne, su ma sun sani. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne me ya sa suka ci gaba da ita. Amsar da na tsaya a kai ita ce, yawancin sulhun da ake kawowa daga waje an ɗinka shi ne daidai da buƙatar masu kawo shi. Jakada yana da wa'adi. Ƙasar da ta ɗauki nauyin taro tana son duniya ta ga hoton musabaha. Masu ba da kuɗi suna son ranar da za su ce aiki ya ƙare, su tattara nasu ya nasu. Idan sulhun ya wargaje, babu ko ɗaya a cikinsu da zai kwana a daji da 'ya'yansa. Waɗanda za su ɗanɗana kuɗarsu ba sa cikin ɗakin da aka yanke shawarar, kuma ba a tambaye su ba.

Mai gaggawar samun sa hannu hanya ɗaya gare shi, ya sayi masu bindiga da muƙami. A Janairun 1999 'yan tawaye suka afka wa Freetown, babban birnin Saliyo, suka kashe dubban mutane, suka datse hannayen manya da yara. Madugunsu Foday Sankoh yana tsare a lokacin, kotu ta riga ta yanke masa hukuncin kisa. Wata shida bayan haka, a birnin Lome, aka yi masa afuwa, aka ba shi matsayi daidai da na mataimakin shugaban ƙasa, aka kuma damƙa masa shugabancin hukumar da ke kula da ma'adinan ƙasar, wato lu'ulu'un da ya yi shekaru yana sayen makamai da shi. Ba a cika shekara ba mayaƙansa suka yi garkuwa da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500. Ranar 8 ga Mayun 2000 mutanen gari suka yi tattaki zuwa ƙofar gidansa suna neman ya cika alƙawari, masu gadinsa suka harbe su, mutum kusan 20 suka mutu. Waɗannan mutane da ƙafarsu suka je neman zaman lafiyar da aka ce an riga an kawo musu.

Da a ce an ɗauki darasi daga nan, da da sauƙi. Shekara 20 bayan Lome, a Fabrairun 2019, gwamnatin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyi 14 masu ɗauke da makamai bayan tattaunawa a Khartum. A watan Maris aka naɗa madugai uku, Ali Darassa da Mahamat al-Khatim da Sidiki Abass, masu ba firaminista shawara kan harkar soja, kowa a yankin da ya riga ya mamaye da ƙarfin bindiga. A watan Mayu mayaƙan Abass suka kashe fararen hula sama da 40 a ƙauyukan arewa maso yamma. Zuwa Disambar 2020 da dama daga cikin ƙungiyoyin sun haɗe sun tasar wa babban birni. A Kwango ma haka ne. A 2009 an shigar da 'yan tawayen gabas cikin rundunar ƙasa, aka bar Bosco Ntaganda da muƙamin janar alhali Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya tana nemansa. A 2012 su ne suka yi bore suka kira kansu M23, sunan da suka ɗauko daga ranar da aka sa hannu a waccan yarjejeniya, 23 ga Maris. Sun kama Goma a 2012, sun sake kama ta a Janairun 2025.

Ɓarnar irin wannan sulhu ba ta tsayawa a kan waɗanda suka sa hannu. Akwai matashin kwamanda da ke gefe yana kallo. Ya ga malamin makarantar da ya haƙura da talaucinsa bai samu komai ba, ya ga wanda ya ƙona ƙauyuka ya samu minista da mota da masu gadi. Wane lissafi ake so ya yi? Zai ɓalle daga ubangidansa, ya tara yara 200, ya raɗa wa ƙungiyarsa suna mai kalmar 'yanci a ciki, ya tare hanya, ya jira a gayyace shi taro na gaba. Haka aka gani a Darfur bayan yarjejeniyar Abuja ta Mayun 2006, wadda aka tilasta kammalawa a kan wa'adi, Minni Minnawi kaɗai ya sa hannu daga ɓangaren 'yan tawaye, sauran suka ƙi. Maimakon ƙungiyoyin su ragu, sai suka dare gida-gida. A gabashin Kwango kuwa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun haura 100, bayan sama da shekara 20 da zuwan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya.

Na san abin da za a ce mini: to da wa za a yi sulhu in ba da masu yaƙi ba? Gaskiya ne, ba a tsayar da wuta ba tare da mai riƙe da bindiga ba, kuma ban ga laifin wanda ya zauna da azzalumi don ya ceci rayuka ba. Amma zama da shi daban, damƙa masa ƙasa daban. Laberiya ta gwada duka biyun. A 1997 an yi zaɓe cikin hanzari, madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya lashe da kusan kashi 75 cikin 100, domin mutane sun san in ya faɗi zai koma daji. Shekara biyu kacal yaƙi ya dawo. A 2003, a taron Accra, madugai suka shafe makonni suna jan ƙafa ana ruwan harsasai a Monrovia, har sai da matan Laberiya ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee suka zauna a ƙofar zauren suka hana kowa fita. Yarjejeniyar da ta fito daga nan ita ma ta raba ma'aikatu ga 'yan bindiga, kuma an yi sata a gwamnatin riƙon ƙwaryar ba kaɗan ba. Sai dai shugabancinta bai faɗa hannun ko ɗaya daga cikinsu ba, manyan masu riƙon an hana su tsayawa takara a 2005, Taylor ya bar ƙasar, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya 15,000 suka shigo, rundunar ta zauna har 2018. Laberiya ba ta koma yaƙi ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a yi wa masu yaƙin adalci a kansa, shi ne tsoro. Idan ƙasashe biyu suka yi sulhu, kowace ta koma bayan iyakarta da sojojinta. A yaƙin basasa ba haka ba ne. Cewa ake yi ɓangare ɗaya ya miƙa makamansa ya zauna a ƙarƙashin 'yan sanda da kotuna da sojojin wanda jiya yake neman kashe shi. Ko mutumin kirki ba zai yarda da haka ba sai ya ga wanda zai tsaya masa. Tsayawar nan kuwa tana cin kuɗi da lokaci da rayukan sojoji, abubuwa uku da masu kawo sulhu ba sa son bayarwa.

Angola da Mozambik sun isa misali, ƙasashe biyu da Fotugal ta mulka, waɗanda suka fita daga dogon yaƙi kusan lokaci ɗaya. A Angola an sa hannu a Bicesse a Mayun 1991, aka tsayar da zaɓe a Satumbar 1992. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura jami'an soja masu sa ido 350, marasa makami, su lura da ƙasar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.2. Ranar zaɓe ta zo ba a gama kwance ɗamarar kowa ba, rundunar haɗin gwiwa tana kan takarda ne kawai, tsarin kuma wanda ya ci ya kwashe duka. Shugaba José Eduardo dos Santos ya samu kusan kashi 49.6, Jonas Savimbi, madugun 'yan tawayen UNITA, kusan kashi 40. Savimbi ya ce an yi maguɗi, kuma sojojinsa suna nan yadda ya bar su. Zagaye na biyu bai taɓa yiwuwa ba. Yaƙin da ya biyo baya ya fi na farko muni, gwamnati na sayen makamai da kuɗin man fetur, UNITA na saye da lu'ulu'u, bai kuma ƙare ba sai da aka kashe Savimbi a Fabrairun 2002.

A Mozambik tattaunawar kanta ta ɗauki sama da shekara biyu a birnin Rum, kuma waɗanda suka riƙe ta ba wata babbar ƙasa ba ce, wata ƙungiyar mabiya ɗariƙar Katolika ce mai suna Sant'Egidio tare da wani babban limamin cocin Mozambik da wakilin gwamnatin Italiya. An sa hannu ranar 4 ga Oktoban 1992, kwanaki kaɗan bayan zaɓen Angola, don haka kowa na ganin abin da gaggawa ta haifar. Aka tura dubban dakaru. Wakilin Majalisar, Aldo Ajello, ya ƙi yarda a kaɗa ƙuri'a kafin a sallami mayaƙa, aka ɗage zaɓe da shekara guda zuwa Oktoban 1994. Aka buɗe asusu don ƙungiyar 'yan tawaye ta RENAMO ta rikiɗe ta zama jam'iyya, aka riƙa biyan tsofaffin mayaƙa ɗan alawus na tsawon lokaci don su samu abin kamawa. RENAMO ta faɗi zaɓe, ta karɓi kujerunta a majalisa. An sake samun tashin hankali daga 2013, amma bai kama ƙafar na da ba. Ban yarda cewa mutanen Mozambik sun fi na Angola son zaman lafiya ba. An dai ba su lokaci, an kuma kashe kuɗi a inda ya dace. Abin takaici, a shekarun da suka biyo baya hanyar Angola aka fi bi, domin zaɓe shi ne ƙofar fita mafi arha ga baƙo.

Abin da ya fi ɓata mini rai a duk wannan lamari shi ne baki biyu. Ana kiransa yaƙin basasa, amma da wuya a samu wanda babu hannun waje a cikinsa, kuma sau da yawa ƙasashen da ke zaune a teburin sulhu su ne ke aika makamai ta bayan gida. Ranar 4 ga Afrilun 2019 Janar Khalifa Haftar ya ƙaddamar da hari kan Tarabulus, babban birnin Libiya, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres yana cikin birnin, saura kwana goma a buɗe babban taron ƙasa da Majalisar ta shirya a Gadamas. Mutum ba ya yin irin wannan sai ya tabbata yana da masu tsaya masa. A Janairun 2020 shugabanni suka hallara a Berlin suka yi alƙawarin mutunta takunkumin sayar wa Libiya makamai, ciki har da Turkiyya da Rasha da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Jirage ba su daina sauke kaya ba. Turkiyya na bayan gwamnatin Tarabulus da jirage marasa matuƙa, ɗaya ɓangaren na da sojojin hayar kamfanin Wagner na Rasha. A 2021 ƙwararrun Majalisar da kansu suka rubuta cewa takunkumin bai yi wani tasiri ba ko kaɗan. A Siriya Kofi Annan ya ajiye aikin shiga tsakani a 2012, Lakhdar Brahimi a 2014, duk manyan gwanaye, domin babu abin da gwani zai iya idan masu kujerar na-ƙi a Kwamitin Tsaro kowa ya riga ya zaɓi gwaninsa a fagen daga. Madugun da ya san za a cike masa gurbin duk tankar da aka ƙona ba shi da dalilin sassautawa.

Su kuwa dakarun kiyaye zaman lafiya, ina tausaya musu fiye da yadda nake zarginsu. Masu rubuta musu umarni manyan ƙasashe ne, masu ba da yaran da za su mutu kuwa irin su Nepal da Bangladash da Indiya da Ruwanda. Kasafin dukkan ayyukan kiyaye zaman lafiya na Majalisar a shekara bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da duniya ke kashewa a harkar soja ba. Amma tausayi ba zai goge abin da ya faru ba. A Ruwanda, bayan yarjejeniyar Arusha ta Agustan 1993, Janar Roméo Dallaire, kwamandan dakarun Majalisar a ƙasar, ya aika wa hedikwata a Janairun 1994 cewa ana ɓoye makamai ana shirin kisan jama'a, aka hana shi kai samame. Da kisan ya fara a Afrilu, mutum kusan 2,000 suka fake a wata makarantar koyon sana'a a Kigali saboda sojojin Beljiyam na wurin. Ranar 11 ga wata sojojin suka tafi, masu adduna na tsaye a bakin shinge suna jira. An kashe mafi yawan mutanen a ranar. Kwana goma bayan haka Kwamitin Tsaro ya rage rundunar zuwa mutum 270. Mutanen nan da sun san za a tafi a bar su, da wataƙila wasu sun nemi wata mafakar tun da wuri. Alƙawarin kariya da ba za a cika ba yana tara mutane wuri ɗaya ne ga makasa.

Ko da an yi komai da gaskiya a babban birni, saura wani abu. Yaƙin basasa ba yaƙi ɗaya ba ne. A ƙarƙashin rikicin shugaban ƙasa da madugu akwai ɗaruruwan ƙananan rikice-rikice, kan gona da burtali da rijiya da sarautar ƙauye da jinin da aka zubar ba a biya diyya ba. Yarjejeniyar Aljiyas ta 2015 ta haɗa gwamnatin Mali da ƙungiyoyin arewa, alhali wutar tana ruruwa a tsakiyar ƙasar, yankin Mopti, tsakanin makiyaya da manoma, masu iƙirarin jihadi da 'yan sa-kai suna ƙara mata mai. Ranar 23 ga Maris 2019 aka kashe Fulani kusan 160 a ƙauyen Ogossagou, a daidai lokacin da tawagar Kwamitin Tsaro ke ziyara a ƙasar tana duba yadda ake aiwatar da yarjejeniya. Rundunar Majalisar a Mali, MINUSMA, ta yi shekara goma, ta rasa mutum sama da 300, aka ce ta fita a 2023, a Janairun 2024 gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar baki ɗaya. Jami'in da ya zo aikin shekara ɗaya ko biyu, ba ya jin harshen mutane, yana kwana a bayan katanga, yana fita a mota mai sulke, ta yaya zai san wace gona ce ta haddasa gabar gidaje biyu tun zamanin kakanni? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi ya sa Somaliya ke ba ni abin tunani. An kira mata taruka sama da goma a ƙasashen waje. Na Kenya kaɗai ya ci shekara biyu, daga 2002 zuwa 2004, ya haifar da gwamnatin da ba ta iya shiga Mogadishu ba sai a ƙarshen 2006 a bayan tankokin Habasha. A arewa kuwa, a yankin Somaliland, dattawan ƙabilu suka zauna a garin Borama a 1993 na tsawon watanni, galibi da kuɗin al'umma da na 'yan kasuwarsu, suka bi rikici ɗaya bayan ɗaya, suka amince da hanyar karɓe makamai, suka zaɓi Muhammad Ibrahim Egal shugaba. Ba su tsira daga faɗa ba bayan nan, kuma yaƙin Las Anod na 2023 ya nuna akwai sauran aiki. Amma sun yi zaɓuɓɓuka sun miƙa mulki hannu da hannu. Wanda yake ciyar da taro daga aljihunsa, kuma zai ci gaba da zama da wanda ya yi wa alƙawari, ba ya wasa da abin da ya sa wa hannu.

Wasu sun kalli duk wannan suka ce a ƙyale su su yi ta yi har ɗaya ya murƙushe ɗaya, ai haka Angola ta samu lafiya. Ba na tare da su. Mai faɗin haka ba 'ya'yansa ne za su yi shekara goman da Angola ta yi tsakanin zaɓe da mutuwar Savimbi ba. Kuma Namibiya da Mozambik da Laberiya da Saliyo a ƙarshe sun nuna cewa taimakon waje yana aiki idan ya zo da haƙuri da isassun dakaru, maƙwabta kuma suka janye hannunsu. An san abin da ke aiki, tsadarsa ake gudu.

Sudan ce ke gabanmu yanzu. A Disambar 2022 aka ƙulla yarjejeniyar share fage da goyon bayan Majalisar Ɗinkin Duniya da Amurka da Birtaniya da Saudiyya da Daular Larabawa, aka ajiye batu mafi hatsari sai daga baya, wato yadda za a narkar da RSF, dakarun ko-ta-kwana masu cin gashin kansu, cikin rundunar ƙasa. Sojoji suka ce cikin shekara biyu, Hemedti, shugaban RSF, ya ce goma. Kwamitocin matasan unguwanni da suka yi juyin juya halin 2019 sun yi ta gargaɗin cewa kada a sake amincewa da janar-janar ɗin da suka yi juyin mulki a 2021, ba a saurare su ba. Aka yi ta tsayar da ranar sa hannu ana ɗagawa, ranar 15 ga Afrilun 2023 bindiga ta tashi a Khartum. A watan Mayu wakilan ɓangarorin biyu suka sa hannu a Jidda cewa za su kare fararen hula. A cikin shekarar, bisa ƙiyasin ƙwararrun Majalisar, an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000 a garin El Geneina kaɗai. Sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu. Ƙwararrun nan sun ce zargin da ake yi na kai wa RSF makamai daga Daular Larabawa ta gabashin Chadi yana da tushe, ita kuma tana musantawa, yayin da sojoji ma suke da nasu masu ba su jirage marasa matuƙa.

A tsawon wannan bala'i, waɗanda suka riƙe mutane da rai a unguwannin da hukumomin agaji ba sa iya shiga su ne matasan nan da aka ƙi saurara, suna ciyar da jama'a, suna kwashe masu rauni, ɓangarorin biyu kuma suna kama su suna kashe su. Duk taron da za a sake kira kan Sudan, ni abin da zan fara dubawa shi ne ko an ba su kujera mai ƙuri'a a zauren, ko kuwa an sake ajiye su a ɗakin gefe da sunan tuntuɓa. Sannan in duba ko akwai wanda ya yarda ya ambaci sunan ƙasashen da ke sayen zinariyar Sudan da waɗanda jiragensu ke sauke makamai, ya kuma ɗora musu hukuncin da zai taɓa aljihunsu.